Tsohon Asibitin Lardin Dorset da Garin Dorchester: Tambayoyi da Amsoshi

Ina ne Dorchester, kuma me ya sa ake ce masa garin kasuwa?

Gari ne a kudu maso yammacin Ingila, a bakin kogin Frome, kuma shi ne hedikwatar lardin Dorset. Mutanensa dubu 21 ne da 'yan kai. Rumawa ne suka kafa shi, suka sa masa suna Durnovaria. A Ingila ta da, gari kan samu izinin cin kasuwa daga sarki, sai ƙauyukan kewaye su riƙa kawo masa tumaki da hatsi da ulu. Har gobe kasuwar Dorchester ranar Laraba take ci.

Yaushe aka gina asibitin, kuma wa ya biya?

An kafa shi a 1840, a titin Princes da ke cikin gari, Benjamin Ferrey ne ya zana ginin. Ba gwamnati ce ta gina ba. Masu gonaki da attajirai da limaman coci ne suka yi karo-karo, kowa da abin da ya ɗauka zai riƙa bayarwa duk shekara. A irin waɗannan asibitoci manyan likitoci ba sa karɓar albashi, wurin masu kuɗin da suke dubawa a gida suke samun na tuwo.

To su wa ake kwantarwa a ciki?

Talakawa, amma ba kowane talaka ba. Al'adar asibitocin sadaka na lokacin ita ce mara lafiya ya zo da takardar shaida daga ɗaya daga cikin masu ba da gudunmawa. In ba haɗari ya yi ba, sai ya je ƙofar mai gona ko limami ya roƙa. A ganina sadaka ce mai igiya, domin wanda ke biyan ka lada shi ne kuma ke riƙe da ƙofar asibiti.

Don a gane irin talaucin, a dubi abin da ya faru shekara shida kafin a kafa asibitin. A 1834 aka gurfanar da wasu 'yan ƙodago shida na ƙauyen Tolpuddle a kotun Dorchester. Ladan aikin gona ya faɗi zuwa sule 7 a mako, ana kuma shirin mayar da shi 6, sai suka kafa ƙungiya suka yi rantsuwa a asirce. Aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai. Irin iyalansu ne suka cika gadajen asibitin.

Wace cuta ce ta fi girgiza garin?

Kwalara. Ta faɗa wa unguwar Fordington a 1849, ta dawo a 1854. Limamin unguwar, Henry Moule, ya lura cewa ƙazantar masai ce ke kashe mutane, sai ya ƙirƙiro masai na busasshiyar ƙasa: bokiti a ƙarƙashin kujera, akwatin ƙasa a baya, kana gamawa ka ja wani mariƙi ƙasa ta zubo ta rufe, wari ya mutu. A 1860 ya yi rajistar abinsa. Ban raina aikin likitoci ba, amma wannan bokitin ya yi nasa.

Yaushe aka daina zancen takardar shaida?

A hankali ta riƙa mutuwa, sai ranar 5 ga Yuli 1948 da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS. Asibitin ya koma hannun gwamnati, magani ya zama kyauta ga kowa.

Me ya sa aka bar tsohon ginin?

Wuri ya yi kaɗan. Aka gina sabo a Williams Avenue, a matakai, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi a 1998. Tsohon ginin ba a rushe shi ba, an mai da shi gidajen kwana.

An ce an tono wani abu a harabar?

Ƙwarai. A 2000 zuwa 2001, kafin magina su shiga, masu binciken kayan tarihi sun haƙa filin. Suka tarar da harsashin gidajen Rumawa, har da daɓe na ƙananan duwatsu masu launi da aka jera ɗaya bayan ɗaya suka fitar da zane. Shekara fiye da 150 ma'aikatan jinya suna kai da kawo a samansa.