Manyan kalmomi ba su ne Turanci ba

A Katsina, inda aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, har yau akwai masu ganin cewa iya Turanci shi ne haddace ƙamus. Yaro ya zubo kalmar da ko malaminsa sai ya duba littafi, sai a ce kai, wannan ya sha boko.

Kuskure ne. Turancin yau da kullum ƙananan kalmomi ke ɗauke da shi, irin su get, put, take da give, kuma wahalarsu tana wajen haɗuwa da wata kalma. Give bayarwa ce, amma give up haƙura ne da abu. Put off ɗage lokaci ne. Look after kula da mutum ne, ba leƙen bayansa ba.

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, don haka muke yi da ci. Muna cin kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, wani ma ya ci amana, ba wanda ya tauna komai. Baturen da ya haddace cewa ci na abinci ne kawai, a Ƙofar Soro za a bar shi baki buɗe.

Karin magana ma haka. Wanda ya ce yana under the weather ba ya jin daɗin jikinsa ne, babu ruwan hadari ko hunturu a zancen.