Waiwaye: daga ina aka fara yi wa marubucin fim faɗa?

Daren jiya a fadarmu nan Tawa shayi na kan wuta, an jingina waya da kwalin sukari ana kallon fim mai dogon zango, sai wani ƙanena ya aje kofi ya ce wallahi marubucin nan ya raina mu, yaya za a ce mutumin da aka yi sati goma ana nuna mana shi da hankali yau ya tashi ya yi wannan shirme. Kowa ya ɗauka, wani ya ce ai an canza marubuci ne, wani ya ce kuɗi suka ƙare ma furodusa. Ni ko sai na tuna lokacin da muke yara ba wanda ke ambaton marubuci ko da wasa.

Da can abin da muka taso da shi wasan kwaikwayon rediyo ne da na Tele Sahel, su Yazi Dogo, daga ƙetaren iyaka kuma su Samanja Mazan Fama. Yawancin wasannin zamanin nan ana tsara ƙashin labari ne kawai, ɗan wasa shi ke cika sauran da bakinshi, to in abu ya yi daɗi shi ake yaba, in ya ɓaci shi ake zargi. Da fina-finan Brazil da Meziko suka shigo da fassarar Faransanci, irin su Marimar, nan ma mata na barin tukunya bisa wuta su ruga gidan mai tele, amma faɗan duk da muguwar cikin fim ake yi, wa ya san wani ya zauna da alƙalami a wata ƙasa ya ƙaga ta.

Sai kaset ɗin Kano. Tun daga Turmin Danya a 1990 harkar ta kankama, kaya na shigo mana ta Konni da Maraɗi, ana haya ana kallo gida guda cike da maƙwabta. Abin da mutane ke mantawa shi ne marubutan littattafan soyayya na cikin waɗanda suka ɗauki harkar a kafaɗa, Ado Ahmad Gidan Dabino ya maida littafinshi In Da So Da Ƙauna fim, Balaraba Ramat Yakubu ita ma an yi fim da labarinta. Amma da kasuwa ta buɗe sai fuskar jarumi da waƙa suka zama su ne jari, sunan marubuci ya koma can ƙasan kwali da ƙananan baƙaƙe in ma an sa shi. Fim ɗin sa'a biyu ne, ka kalla ka tashi, ba ka da lokacin da za ka riƙe wani da laifi.

Dogon zango shi ya juya lamarin. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirinta na Daɗin Kowa ya biyo baya, kuma a nan ne da yawanmu muka fara jin cewa akwai mutane zaune aikinsu kenan rubuta abin da za mu gani sati mai zuwa, sunaye irin Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih suka fara shiga bakin masu kallo. A 2020, shekarar korona, aka samu Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, kowa na gida, waya a hannu, YouTube ya zama tele. Kuma shi YouTube yana da wurin da za ka rubuta ra'ayinka nan take, ba sai ka jira ka haɗu da wani a kasuwa ba. Mutumin da ya sayi mega da jakarshi ɗaya da ya wahala ya samu, ya zauna da labari shekara biyu, ya san halin kowane mutum na ciki kamar ɗan gidansu, dole ya ji ciwo in aka karkatar da shi ba dalili, kuma ni ban ga laifinshi ba ko kaɗan.

Inda nake rabuwa da 'yan fadarmu shi ne wa ake ɗora ma laifin. Jaruma Nafisa Abdullahi ta sanar ta bar Labarina, aka sa wata ta maye gurbinta a matsayin Sumayya, masu kallo suka rabu biyu ana ta cacar baki. A 2022 kuma Allah ya yi ma Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, rasuwa, Allah ya jiƙanshi. Ku duba waɗannan biyun, ba ɗaya da marubuci ya zaɓa, amma shi za a kira cikin dare a ce gyara mana labari gobe za mu fita aiki. Jaruma ta yi aure ko ta yi tafiya, sai ya nemo hanyar da za a kashe ta ko a tura ta karatu waje. Mai talla ya ba da kuɗi, sai ya cusa shagon cikin zance. Furodusa ya ga ana kallo, sai ya ce labarin da aka tsara zango uku a ja shi ya kai takwas, shi ya sa za ka ga mutum biyu sun cinye minti ashirin a falo suna maimaita abin da muka riga muka gani. Ga hukumar tace fina-finai ta Kano da ke nan tun 2001, ita ma tana da nata sharuɗɗan da rubutu zai bi.

A Amurka marubutan fim suna da ƙungiya mai ƙarfi, sun yi yajin aikin kwana 100 daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, sun sake na kwana 148 a 2023 kan kuɗin da ake ba su da batun kwamfuta mai rubutu da kanta, shirye-shirye da dama suka tsaya cak. Namu kuwa sau da yawa ciniki ne na baki da baki, kuma in an sauya hannu tsakiyar labari ba a gaya mana, sai dai mu ji ɗanɗanon miya ya canza mu yi ta hasashe.

Ni abin da nake roƙo wurin masu shirya fim ba shi da yawa, a rubuta sunan wanda ya rubuta kowane kashi da manyan baƙaƙe tun farko kuma a bar shi ya daɗe yadda za a iya karantawa, in an canza shi a fito a faɗa kamar yadda ake faɗa in jaruma ta tafi. Jiyan ma sai da na karɓi wayar na maida fim ɗin baya don mu ga sunan wanda ƙanena ke ma faɗa, sau uku ina tsaidawa kafin in kama shi, ya wuce cikin ƙiftawar ido tsakanin mai kwalliya da mai ɗaukar sauti.