Kuɗin tallafi da masu sama da faɗi da shi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Shagon POS gare ni a Tudun Wada, nan Kaduna. Da an ji ƙishin-ƙishin za a raba tallafi, sai bakin shagona ya koma ofishin tambaya. Ga amsoshin nan a rubuce, bakina ya huta.

An turo min saƙo a WhatsApp wai in cike fom in samu tallafi. Gaskiya ne?

Ƙarya ce. Goge shi, kada kuma ka tura wa kowa.

Nawa ne kuɗin fom?

Ko sisi. Rijistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ba a sayen gurbi a cikinta. Jami'ai ke shiga unguwa, jama'a su nuna mabuƙata, a rubuta. Duk wanda ya ce ka kawo dubu biyu ya saka sunanka ɗan damfara ne, ko da carbi a hannunsa. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

An kira ni daga banki, an ce in karanto lambar da aka turo min.

Haba Hajiya, sau nawa zan faɗa? Banki ba ya tambayar wannan lambar. Kwanaki wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ciro kati a ƙulle cikin leda, lambar sirrin rubuce a bayansa da biro. Na duba mata, naira ɗari uku ta rage. Da na ce wa ya riƙe katin, sai ta ce "yaron da ya yi mana rijista." Mata nawa ne katinsu ke aljihun yaron nan, Allah masani.

Wanda ya saka sunana ya ce in ba shi dubu biyar cikin dubu ashirin da biyar ɗin, in ba haka ba ya cire ni. In bayar?

To, a nan ne zan ɗan tsaya. A ƙa'ida ba shi da ko kwabo. Tallafin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023 bayan cire tallafin mai, naira 25,000 ne a wata har wata uku, ana tantancewa da NIN ko BVN don kuɗin su faɗa asusunka kai tsaye, kuma dalilin hakan ke nan, a kawar da irinsa. Sau da yawa barazana ce kawai, ba shi da ikon goge kowa daga rijista.

Amma ba zan yi maka daɗin baki ba. Idan rabon shinkafa ne ko taki da ake rubuta sunaye a takarda a mazaɓa, yana iya mantawa da kai da gangan a zagaye na gaba. Kuma ƙila maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke sallah. Don haka ba zan ce ka tsaya ka yi masa tijara a bainar jama'a ba. Abin da nake gaya wa mutane: kada ka bayar da kati, kada ka bayar da lambar sirri, wannan babu sassauci. Ajiye saƙon alat ɗinka. In ya nemi kuɗin ta waya ko a rubuce, kada ka goge. Sannan ka nemi sauran da ya tatsa, domin mutum ɗaya ana iya cewa hassada ce, mutum goma sha biyar kuwa magana ta fi ƙarfin musu. Ku fara da mai unguwa idan kun yarda da shi, in kuwa kuna zargin kashe-mu-raba ake yi, ICPC da EFCC duka suna da ofis a Kaduna, ana karɓar ƙorafi a rubuce. Ko za a ɗauki mataki da wuri? Wannan kuma sai haƙuri.

In ka riga ka bayar, kwantar da hankalinka, kai aka zalunta. Faɗi gaskiyar yadda aka yi.

Na ga buhun tallafi a kasuwa da araha. In saya?

An rubuta a jikinsa ba na sayarwa ba ne. Me kake so in ƙara?

Talaka kawai ake kamawa, ko ana taɓa manya?

Ana taɓawa jefi-jefi. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, EFCC ta yi mata tambayoyi, ba ta kuma koma kujerar ba. A watan ne aka dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci, har da N-Power da ciyar da 'yan makaranta. Ka ga wa ya ji a jikinsa: manya ake bincika, amma tukunyar 'yan firamare aka sauke. Nan garin ma ba mu manta Oktoban 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa ɗakin ajiyar kayan tallafin korona a Barnawa, aka ƙaƙaba mana dokar hana fita.

Yaushe za a biya na gaba?

Malam, mai POS ne ni, ba minista ba. In za ka cire kuɗi miƙo katin, akwai mutane a bayanka.