Vincent Enyeama

Vincent Enyeama tsohon golan Najeriya ne, an haife shi ranar 29 ga Agusta 1982. Ya tsare wa Super Eagles raga daga 2002 zuwa 2015, wasa 101 ya buga, ya je kofin duniya sau uku, sannan yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013. Ba dogo ba ne irin gololin Turai, amma abin da ya rasa a tsayi ya samu a zafin nama da sanyin zuciya, shi ya sa da yawa daga masu kallon ƙwallo ke cewa Najeriya ba ta taɓa gola kamarsa ba.

Farkon wasa a gida

Da Ibom Stars ya fara, daga nan ya koma Enyimba ta Aba a 2001, kuma a can ne sunansa ya fito. Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 bayan ta doke Ismaily ta Masar, wanda shi ne karon farko da kulob ɗin Najeriya ya ɗauki wannan kofi, suka sake ɗauka a 2004 a kan Etoile du Sahel ta Tunisiya. Abin mamaki a lokacin shi ne in wasa zai kai bugun fenareti sai koci ya cire Enyeama ya sa Dele Aiyenugba, haka aka yi a fainal ɗin 2004 a Abuja duk da shi Enyeaman ne ya ci wa Enyimba fenareti ana tsakiyar wasa. Mutumin da ake cirewa saboda fenareti shi ne daga baya duk Najeriya ta koma dogaro da shi in an zo fenareti.

Isra'ila da Faransa

Bayan ɗan zama a Iwuanyanwu Nationale ya tafi Isra'ila a 2005, ya fara da Bnei Yehuda sannan Hapoel Tel Aviv a 2007. Da Hapoel ya ci lig da kofin ƙasar a kakar 2009/2010, kuma shi ke buga musu fenareti, har ya ci Salzburg a wasan share fage na kofin zakarun Turai, ya ci Lyon a wasan rukuni. Gaskiya shekara shida a Isra'ila sun yi yawa ga gola irinsa, manyan kulob na Turai sun makara wajen ganinsa.

Lille ta Faransa ta saye shi a 2011 amma ya tarar da Mickael Landreau a raga, ya sha benci, aka ba da shi aro ga Maccabi Tel Aviv. Da ya dawo a 2013 ƙarƙashin koci Rene Girard sai abin ya canza gaba ɗaya, wasa 11 a jere a lig babu wanda ya zura masa ƙwallo, minti 1,062 ke nan, saura kaɗan ya kamo tarihin Gaetan Huard na minti 1,176 sai Bordeaux ta ci shi a Disamba. Lille ta ƙare ta uku a wannan kaka, shi kuma aka ba shi kyautar Marc-Vivien Foe ta 2014, wadda ake ba ɗan Afirka da ya fi kowa a lig ɗin Faransa. Rauni a gwiwa a 2017 ne ya fara kawo ƙarshe, Marcelo Bielsa ya zo ya ajiye shi gefe, a 2018 suka rabu da kulob ɗin.

Super Eagles

Bai cika shekara 20 ba aka jefa shi wasan Ingila a kofin duniya na 2002, Najeriya ta riga ta fita, koci Festus Onigbinde ya hutar da Ike Shorunmu. An tashi babu ci, kuma ƙwallon da Paul Scholes ya narko daga nesa yaron ya taɓa ta ta daki ƙarfe. Daga ranar raga ta zama tasa.

A kofin Afirka na 2006 ya kaɗe fenareti uku a kwata fainal da Tunisiya. A 2010 da Zambiya ya kaɗe ɗaya sannan ya je da kansa ya buga ta ƙarshe ya ci. Amma wasan da duniya ta san shi da shi shi ne na Ajantina a Johannesburg ranar 12 ga Yuni 2010, Heinze ya ci da ka tun farkon wasa kowa ya ɗauka ruwan ƙwallaye za a yi, sai ga Messi yana lanƙwaso ta da ƙafar hagu tana neman kusurwa Enyeama yana tashi sama yana ture ta da yatsu, ya sake zuwa ya sake hana shi, har aka tashi 1-0 kuma golan da aka ci shi aka ba gwarzon wasa. Wasa na gaba da Girka, wanda aka ba Sani Kaita jan kati, ya yi ta ceto da mutum goma amma ƙwallo ɗaya ta suɓuce masa Torosidis ya ƙarasa ta, aka ci Najeriya 2-1. Aikin gola ke nan, kuskure guda yana shafe ceto goma a idon 'yan kallo.

A 2013 a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Stephen Keshi, shi ya ɗaura kyaftin a yawancin wasanni saboda Joseph Yobo yana benci, Najeriya ta doke Burkina Faso 1-0 a fainal da ƙwallon Sunday Mba. A Brazil 2014 Iran da Bosniya ba su ci shi ba, ƙwallon Dzeko ta mintin ƙarshe da ƙafa ya kare ta ta bugi ƙarfe. Faransa ce ta fitar da su a zagaye na biyu, inda ya fito wa ƙwallon bugun kwana bai kama ta da kyau ba Pogba ya sa kai.

Barin tawaga

Wasansa na 100 da Uganda ne a Uyo a Maris 2015. A Oktoban shekarar aka samu saɓani tsakaninsa da koci Sunday Oliseh a sansanin tawaga a Beljiyam, lokacin bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba, aka karɓe kyaftin aka ba Ahmed Musa, shi kuma ya sanar ya daina buga wa ƙasa yana da shekara 33, shekarun da gola ke kan ganiyarsa. Ba haka ya kamata a sallami wanda ya yi shekara 13 yana tsaron ragar ƙasa ba. Wasa 101 ɗin nasa ya yi daidai da na Yobo, sun riƙe tarihin tare har Ahmed Musa ya zo ya wuce su.