Ɗebo Halittun Teku a Lokacin Hutu Domin Akwatin Murjani na Gida

Ɗebo halittun teku a lokacin hutu ɗabi'a ce ta wasu masu sha'awar kifin ado, inda mutum yakan yi amfani da tafiyarsa zuwa gaɓar teku ya kamo ƙananan kifaye, kaguwa, jatan lande da dodon-koɗi, ko ya ɓalgo guntun murjani da duwatsun da ƙananan halittu suka lulluɓe, domin ya zuba su a akwatin gilashi mai ruwan gishiri a gidansa. Irin wannan akwati, wanda ake tsara shi ya kwaikwayi tudun murjani na ƙarƙashin teku, shi ne mafi wuyar kulawa a cikin duk akwatunan kifi. Ga mazaunin gari irin Kaduna, da ke ɗaruruwan kilomita daga teku, lamarin ya haɗa da doka, da lafiyar halittun a hanya, da wutar lantarki, da kuma lafiyar mai gidan kansa.

Mene ne murjani

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Ta zo a aya ta 22 ta Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, kuma jan murjanin da ake sarƙa da shi, wanda asalinsa na Bahar Rum ne, ya daɗe yana ratso Sahara a kayan fatake. Saboda an san shi a matsayin dutsen ado, mutane da yawa ba su ɗauke shi mai rai ba, alhali murjani dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki, dubbai a haɗe wuri guda, kowace da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, kuma masu gina tudu daga cikinsu suna fitar da farar ƙasa mai tauri su yi wa kansu ƙwarangwal. A cikin tsokarsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima, murjanin yakan kori gansakukar ya koma fari fat, in zafin ya daɗe kuma ya mutu.

Girmansa a hankali yake. Nau'in da ke curewa kamar dutse yakan ƙaru da santimita 1 zuwa 2 ko ƙasa da haka a shekara, masu rassa kuma sukan kai santimita 10. Don haka curin da matafiyi zai ɗaga da hannu ɗaya a cikin minti guda yana iya zama aikin shekaru goma ko fiye. Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da shi.

Inda matafiya ke cin karo da shi

Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, ba ta da tudun murjani irin na hotuna, domin ruwan daɗi da laka da Kogin Neja da sauran koguna ke kwararawa suna rage gishiri suna kuma tare hasken da murjani ke buƙata. Ɗan Kaduna yakan fara ganinsa ne a ƙasar waje: a Bahar Maliya daura da Jidda bayan umara, ko a Sharm el-Sheikh da Hurgada na Masar, ko a Zanzibar da Mombasa, ko tsibiran Maldif, inda ɗiyan wurin da kakanninmu suka yi kuɗi da su suka fito. A waɗannan wurare, idan ruwa ya janye, halittun sukan rage a ƙananan kududdufai tsakanin duwatsu, kusa da hannu ƙwarai, kuma a nan ne sha'awar ɗauka ke tasowa.

Doka

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ita ce ke tsara fataucin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga tun farko. Dukkan murjani mai ƙwarangwal na gina tudu yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar, haka ma baƙin murjani, da manyan kawa na dangin Tridacna, da dokin teku wanda kariyarsa ta fara aiki a 2004. Ma'anar wannan ita ce ba a fitar da murjani mai rai daga ƙasa sai da takardar izini ta hukumar ƙasar da aka ɗauko shi, ko da guntu ɗaya ne a aljihun jaka. A gida kuma akwai dokar 1985 kan fataucin halittu masu fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 mai sa ido a kan dokokin muhalli, da hukumar NAQS mai bincikar dabbobi, tsirrai da halittun ruwa da ake shigowa da su.

Kafin a kai ga wannan, ita kanta ɗaukar laifi ce a mafi yawan wuraren da masu yawon buɗe ido ke zuwa. Masar ta ayyana Ras Muhammad a matsayin gandun da aka killace a 1983, kuma dokarta ta muhalli ta 1994 ta hana ɓarnata halittun teku. Kenya ta kafa gandayen teku na Malindi da Watamu tun 1968. A irin waɗannan wurare ba a yarda a ɗauki komai ba, mai rai ko matacce. Wasu mahajjata sukan kawo aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da ta halatta farautar ruwa har ga mai harama, amma wannan halasci bai soke dokar ƙasar da mutum ya shiga da biza ba, bai kuma sauke nauyin ciyarwa da kula da dabbar da aka tsare ba.

Abin da ke faruwa a hanya

Ko da an kawar da batun doka, tafiyar kaɗai ta isa ta kashe mafi yawan abin da aka ɗebo. 'Yan kasuwar da ke da lasisi sukan hana kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, su sa kowane a ledarsa, kashi ɗaya cikin uku ruwa, sauran iskar oksijin tsantsa, sannan su jera su a akwati mai riƙe ɗumi. Matafiyin da ke da gorar ruwa da bokitin otal ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita, yana kuma fitar da iskar kabon da ke sa ruwan ledar ya yi tsami. Tsamin yakan ɓoye dafin amoniyar na ɗan lokaci, amma da zarar an buɗe ledar iskar ta fice, dafin yakan dawo da ƙarfinsa ya ƙone gaɓar numfashin kifin. Wannan ne ya sa kifi kan iso da rai ya kuma mutu awa guda bayan an kwance shi, mai shi yana mamaki.

A yawancin filayen jiragen sama ba a barin ruwa fiye da mililita 100 a mazubi ɗaya a jakar hannu, ɗakin kaya kuma yakan yi sanyin da halittar ruwan ɗumi ba ta jurewa. Wanda ya sauka a Abuja ya kamo jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ya ƙara wasu awoyi a kan jiran filin jirgi da binciken kwastan. Soson teku da wasu murjani masu taushi, in suka mutu a leda, sukan lalata ruwan su tafi da duk abin da ke tare da su.

Akwatin a yanayin Kaduna

Mai kiwon tarwada ko karfasa a Kaduna ya saba da kifin da ke haƙuri da ruwa mai datti da sauyin zafi. Halittar tudun murjani ba ta da wannan haƙuri, domin teku ba ta sauyawa da sauri. Ana buƙatar gishiri giram 35 a kowace lita, wato kilo 3 da rabi ga akwati mai lita 100, kuma gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman da kalsiyam, magneziyam da kabonet. Abin da aka ɗauko daga Bahar Maliya ya saba da giram 40 a lita, don haka sai an sauko da shi sannu a hankali. Ruwan famfo yana da kilorin, na rijiyar burtsatse kuma yakan zo da ƙarfe da wasu narkakkun ma'adanai, shi ya sa ake tace ruwan da matata ta musamman kafin a zuba gishiri.

Zafin ruwan ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana. A watan Maris da Afrilu ɗaki a Kaduna yakan wuce haka nesa, sai an sa na'urar sanyaya ruwa. Da hunturu kuma dare yakan yi sanyi, busasshiyar iska tana shanye ruwan tana barin gishirin, wanda ke nufin kullum sai an cike gurbin da ruwan da ba gishiri. Ƙurar da ke sauka a kan buɗaɗɗen akwati ita ma abinci ce ga gansakukar da ba a so. Babbar matsalar dai wuta ce. Idan injin motsa ruwa ya tsaya, iskar da ke ruwan takan ƙare cikin 'yan awoyi, don haka wanda ba shi da sola da batir ko janareta mai tashi nan take bai shirya wa wannan kiwo ba tukuna. Sabon akwati kuma yana buƙatar makonni 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu narkar da amoniya su kafu, abin da ke nufin wanda ya dawo da halitta sannan ya fara neman gilashi ya riga ya makara.

Cututtuka da dafi

Abin da aka ɗauko daga teku ba ya zuwa shi kaɗai. Kifi kan ɗauko ƙwayar cutar fararen ɗigo, Cryptocaryon irritans, wadda a faɗin teku ba ta cika kisa ba amma a ƙuntataccen akwati takan ninka ta gama da kowa. Duwatsu kan ɓoye kaguwa masu cin kifi, da wata halitta mai harbi ta dangin Aiptasia da ke yaɗuwa ta ƙone murjani. Ƙwararru sukan keɓe kowane sabon zuwa a wani akwati daban na makonni 4 zuwa 6.

Shi ma mai ɗibar yana cikin haɗari. Dodon-koɗi mai siffar mazurari na dangin Conus, wanda kyan zanen bayansa ke jan hannu, yana da ƙaya mai dafin da ya kashe mutane. Kifin dutse yakan kwanta a ruwa marar zurfi ba a bambanta shi da dutsen. Wasu halittu masu kama da furanni na dangin Palythoa suna ɗauke da dafin palitoksin, kuma an sha kwantar da iyalai a asibiti a Turai da Amurka bayan an zuba wa dutsen da suke kai ruwan zafi, tururin ya cika gida. Likitan da ke garin da ba teku da wuya ya taɓa ganin irin wannan, don haka wajibi ne wanda abin ya shafa ya faɗi abin da ya taɓa.

Illa ga teku da ruwayen gida

Guntu ɗaya ba ya rushe tudu, amma bakin ruwan da dubban baƙi ke takawa kowace shekara ba guntu ɗaya yake rasawa ba, kuma wannan na zuwa ne a kan murjanin da zafin teku ya riga ya galabaitar a 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, da kuma daga 2023. Kasuwar kifin ado ita ma tana da nata tabon: kamun kifi da gubar sayanaid a Filifin da Indonesiya, da raguwar kifin kadinal na tsibiran Banggai har aka sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa a 2007. A Hawai, kotun ƙolin jihar ta dakatar da izinin kamun kifin ado a 2017 har sai an binciki tasirinsa.

Sakin halittar da aka gaji da ita wata ɓarnar ce. Kifin zaki na tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a gaɓar Fulorida a 1985, ya mamaye tekun Karibiyan, kuma ana danganta farkon lamarin da masu akwatin kifi. Halittar ruwan gishiri ba za ta rayu a Kogin Kaduna ba, amma kifin ado da ciyayin ruwan daɗi na ƙasashen waje suna iya rayuwa, saboda haka ba a juye akwati kowane iri a rafi ko magudana.

Kiwon da aka haifa a tanki

Tun shekarun 1970 ake hayayyafar kifin nan mai ruwan lemo da fararen zobba na dangin Amphiprion a tankuna, kuma a 2015 masu bincike a Hawai suka yi nasarar renon rawayan kifin Zebrasoma flavescens daga ƙwai. Murjani kuwa ana dasa shi kamar yadda ake dasa rogo: a yanki reshe, a manna shi a kan ɗan dutse, ya ci gaba da girma. Waɗanda aka haifa a haka sun saba da abincin gwangwani da hasken fitila, sun fi jure rayuwar akwati, kuma ana iya shigo da su ta hannun ɗan kasuwa mai takardun CITES da na NAQS. Ana kuma gina tudun da busasshen dutsen farar ƙasa da aka haƙo a doron ƙasa ko aka ƙera, wanda bakteriya ke mamayewa cikin 'yan watanni. Mai farawa a Kaduna yakan fi samun nasara da kifi biyu na tanki da murjani mai taushi a akwati mai lita 100 zuwa 200, bayan ya gwada wutarsa da ruwansa tsawon bazara guda.