Mene ne "Wajibcin Kai Rahoto" ga Ma'aikacin Jami'a?

Wajibcin kai rahoto sharaɗi ne da jami'a ke ɗora wa ma'aikacinta: idan ya gani ko ya ji cewa an nuna wa wani wariya, an tsangwame shi, ko an neme shi da lalata, dole ne ya miƙa maganar ga ofishin da aka ware domin haka. Ba sai ya tabbatar an yi laifin ba, ba kuma sai ya shaidi abin da idonsa ba. Ma'aikaci a nan ba lakcara kaɗai ba ne. Har da shugaban sashe, sakatariya, mai gadi da mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka, inda dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A nan gida Najeriya, ƙa'idar kowace jami'a ce ke fayyace wa za a kai wa ƙara da kuma cikin kwana nawa, don haka kowane ma'aikaci ya nemi ta makarantarsa ya karanta. Akwai kuma dokokin ƙasa a bayanta. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. A Abuja dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 (VAPP) tana aiki, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ce ke aiwatar da ita. Ita kuwa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, tana ɗaukar neman lalata domin ba da maki a matsayin amfani da muƙami ta haramtacciyar hanya, kuma ita ce ta gurfanar da wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da kotu ta ɗaure shekara 2 a 2018.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne daƙiƙoƙin farko na zancen. Ɗaliba za ta shigo ofis ta ce, "Malama, zan faɗa miki wata magana, amma ki rufa mini asiri." Malama, cikin tausayi, sai ta yi alƙawari, alhali ba ta da ikon cika shi. Abin da ya dace shi ne ta tare ta cikin taushin murya tun kafin ta zurfafa: "'Yata, zan saurare ki, amma ki sani aikina ya wajabta mini in kai maganar gaba idan ta shafi cin zarafi. In kin fi son wanda zai riƙe sirri, zan raka ki wurin likita ko mai ba ɗalibai shawara." Galibi waɗannan biyun ne ake keɓewa daga wajibcin, domin aikinsu kan riƙon sirri aka gina shi. Ɗalibar da ta ji haka da wuri ita ke da zaɓi. Wadda ta ji bayan ta amayar da cikinta za ta ga an ci amanarta, kuma ƙawayenta ba za su ƙara buɗe baki ba.

Idan ta amince ta ci gaba, a rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ba da fassarar mai rubutu ba. A sa rana, lokaci, wuri, sunan wanda ake zargi da na duk wanda ya gani ko ya ji. A ce mata kada ta goge saƙonnin WhatsApp, muryoyi ko jerin kiran waya, ta ɗauki hoton allon yadda lamba da kwanan wata za su fito, ta adana kwafi a wani wurin da ba wayarta ba. Kada a tambaye ta wane kaya ta sa ko me ya kai ta ofishinsa da yamma. Rahoton ya tafi a rubuce, a ranar ko washegari, ma'aikacin ya riƙe shaidar miƙawa mai ɗauke da hatimi da kwanan wata. Maganar baki a baranda takan ɓace.

In fyaɗe ne, asibiti ke gaba da takarda. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma wanka ko wanke tufafi na share shaida. In kuma ɗalibar ba ta kai shekara 18 ba, abin da ba baƙo ba ne a ajin farko, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana ɗaukarta yarinya ce, sai a yi gaggawar sanar da hukuma.

Babbar ɓarna kuwa ita ce sulhun cikin gida. Shugaban sashe ya kira lakcaran ya ja masa kunne, a sa dattawa su ba iyayen yarinya haƙuri, a ce a kashe maganar don kada a raba bawan Allah da abincinsa. Wannan ba rufin asiri ba ne. Ya ba wanda ake zargi damar goge shaida da tsorata shaidu, ya kuma hana jami'a gane cewa ɗaliba ta uku ke nan da ta ambaci suna ɗaya. Ofishi guda da ke tattara ƙorafe-ƙorafe ne kawai zai iya ganin hakan.

Kai rahoto ba yanke hukunci ba ne. Wanda ake zargi yana da haƙƙin a sanar da shi zargin a rubuce, a kuma saurare shi gaban kwamitin da babu amininsa ko abokin gabarsa a ciki. Shi ya sa mai kai rahoto ba ya bincike da kansa, ba ya kuma zanta batun a ɗakin hutun malamai ko zauren WhatsApp.

Sai batun ramuwar gayya, wadda ita ce ke rufe bakin mafi yawan ɗalibai da ƙananan ma'aikata. A cikin rahoton a nemi matakan wucin gadi a fili: a sauya wa ɗalibar malamin da ke duba furojet ɗinta, a ba wani malami takardar jarabawarta ya duba, a hana wanda ake zargi kiranta ko aika mata ɗan saƙo. Idan mako biyu suka wuce ba a ji komai ba, a rubuta wa magatakardar jami'a tunatarwa haɗe da kwafin shaidar miƙawa. In nan ma shiru, hedikwatar ICPC da ta NAPTIP duk suna Abuja, kuma suna karɓar ƙorafi kai tsaye.