Mai kwalabe a bakin rijiya: me yake nema a ruwan da muke sha?

Wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da ƙauyukan gulbi ba zai rasa cin karo da shi ba: ma'aikacin gwamnati, da akwatin ƙanƙara da 'yan kwalabe, a tsugune bakin famfo. Ga abin da mutane suka fi tambaya a kansa.

Me yake yi haka, tunda ba gyaran famfo ya zo ba?

Awon ruwa yake. Sai ya buɗe famfo ya bar shi ya zuba na 'yan mintoci, don wanda ya kwana cikin bututu ya fita, kana ya tara kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, yana kaffa-kaffa kada yatsansa ya taɓa cikin murfi. Ya rubuta sunan gari, rana da lokaci a jikinta, ya sa ta cikin ƙanƙara. Dole ta isa ɗakin gwaji kafin awa 24, ya fi kyau ma cikin awa 6. A zafin Afrilu na Maraɗi, in ƙanƙarar ta narke a hanya, wahalar banza aka sha.

Ruwan da yake garau, ba wari ba ɗanɗano, me za a auna a ciki?

Je ka tambayi mutanen Tibiri. A shekarun 1980 aka haƙa musu rijiyar burtsatse, ruwa fari tas, kowa na murna. Ashe sinadarin fulor da ke cikinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ne a kowace lita. Yara suka taso haƙoransu sun rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, kuma sai da aka yi shekara da shekaru ana sha kafin a gane daga ina ciwon yake. Fulor ɗin nan daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ba wanda ya zuba shi. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa.

To in an tafasa fa?

Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma fulor ƙara tattaruwa yake in ruwa ya ƙone.

Kwalara ma mai awon ne ke gano ta?

Alamarta yake bi. Yana neman ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa. Cikin mililita 100 ba a yarda a samu ko ɗaya ba. Da damina, in gulbi ya cika ya malala, masai da rijiya kan haɗe, kuma a irin wannan lokaci ne annobar kwalara ta 2018 ta ɓarke a yankin Madarunfa. Abin haushin shi ne, sau da yawa famfon lafiyarsa lau, a bido ko randa ruwan ke lalacewa, inda moɗa ɗaya ke shiga hannu goma.

Me ya sa yake ɓata rabin lokacinsa gaban kwamfuta?

A ganina nan ne ƙashin bayan aikin. Awo ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa. Amma in an jera na shekara goma daga rijiya guda, za a ga ko sinadarin nitrat na hawa sannu a hankali zuwa miligiram 50 a kowace lita, iyakar da aka gindaya, saboda takin zamani ko masai da ke kusa. Wannan kuwa sai in kowace rijiya na da lambarta da wurinta a taswira. Garuruwa nawa ne ke amsa suna ɗaya a jihar nan? In aka rubuta suna kawai, sai a ɗora laifin wata rijiya a kan wata. Haka wanda ya rubuta 15 a maimakon 1.5, ɗigo ɗaya ya manta, ya sa an rufe rijiya mai kyau. Ga kuma tsofaffin rajistoci da gara ke ci a kabad, ko sakamakon da ke cikin kwamfutar mutum ɗaya, ya yi ritaya ya tafi da abinsa.

Mu talakawa muna iya neman sakamakon?

Ƙwarai. Maigari ko kwamitin da ke kula da famfo su je ofishin ma'aikatar ruwa, su tambayi ranar da aka yi awon ƙarshe da adadin fulor ɗin da aka samu, su nemi a ba su a rubuce.